Rigar Sojan Fanya

Kusan duk lokacin da aka kawo mana matasa ziyara wurin aiki, sai an samu ɗaya da zai leƙa teburina, ya ga allura da zare, ya ce wa na kusa da shi ai wannan faci ne kawai. Yawanci da Turanci suke faɗa, ƙasa-ƙasa, suna zaton ban ji ba. Ba na jin haushi. Mahaifiyata ma haka ta ce ranar da na yi mata bayanin aikin da na samu a Landan. A waya ta tambaye ni ko sai da na yi digiri biyu kafin a yarda in yi wa Turawa faci. Har yanzu ban tabbata zan iya gamsar da ita ba. Abin da zan iya shi ne in ba ku labarin riga guda ɗaya, ku auna da kanku.

Sunana Bilkisu. Kimiyyar sinadarai na karanta a Zariya, na zo nan na ƙaro karatu a kan adana tsofaffin tufafi. Tun daga nan nake aiki a wani ɗan ɗaki mai manyan tagogi a unguwar Deptford, a bene, sama da wani shagon da ake sayar da doya da busasshen kifi. Ba ma ɗinka sabo, ba ma mayar da tsoho sabo. Iyakar aikinmu mu hana tsohon tufafi ƙarasa lalacewa. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar Sifaniya, Madam Pilar, wadda ta taso a garin masaƙu, kakarta ma a masaƙa ta ƙare rayuwarta.

Aikina na farko tuta ce ta siliki, ta wata ƙungiyar ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ta daɗe da watsewa. Silikin ya bushe har idan ka yi numfashi da ƙarfi kusa da shi sai ka ga gari na tashi. Na zo da takardar shaidata da ɗokina, Madam ta ce in ajiye su duka biyun in je in wanke hannu. Ta ba ni 'yar raga mai laushi da ƙaramin injin shan ƙura, ta nuna mini yadda zan shimfiɗa ragar a kan tutar in sha ƙurar ta samanta, ba tare da bakin injin ya taɓa ko da zare ɗaya ba. A kan wannan na ƙare lokacin sanyi gaba ɗaya, ban riƙe allura ba. An hana ni man shafawa a hannu, duk da sanyin Landan, har bayan hannuna ya tsattsage. Ranar da na zo ina ƙamshin humra kuwa, daga bakin ƙofa ta mayar da ni famfo. Ta ce ƙamshin ya yi mata daɗi ƙwarai, amma mai ne, kuma siliki ba ya manta mai.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai allura mai lanƙwasa irin ta likitocin tiyata, don ka ɗinka tufa tana kwance ba sai ka ɗaga ta ba. Akwai zaren siliki da ya fi gashin kai siranta, wanda sai ka juya shi wajen taga kafin ka tabbatar yana hannunka. Akwai hantsaki, da madubin ƙara girma, da ƙananan gilasai masu nauyi da ake danne tufa da su maimakon guga. Sai almakashi. Shi kaɗai ne ba ya zama a kan tebur. Yana cikin aljihun teburin Madam, kuma ba ka ɗauko shi sai ka faɗi abin da za ka yanke da dalilinka. Allura, in ji ta, idan ta yi kuskure ana warwarewa. Almakashi ba shi da gyara.

Ƙa'idoji biyu ta koya mini, kuma ina jin duk sauran daga cikinsu suka fito. Ta farko, duk abin da ka ɗinka ya zama ana iya cire shi, domin wanda zai zo bayanka wataƙila ya fi ka sani. Ta biyu, gyaranka kada ya yi ƙarya. Daga nesa kada ya ɗauki ido, amma wanda ya matso ya duba da kyau ya iya cewa nan hannun mai gyara ne, nan kuma na asali. Ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ƙananan gidajen tarihi, da coci-coci, da iyalai masu rigar auren kaka. Waɗanda suka fi wuyar sha'ani su ne masu ƙaunar abin, domin mai ƙauna so yake ya gan shi kamar da. Wata Hajiya ta taɓa kawo babbar rigar mahaifinta mai aikin hannu, ta gaya mini da fara'a cewa sai da ta sa aka wanke ta tas aka sa mata sitati aka goge, don kada ta kawo mana kaya da datti. Ladabi ne, irin wanda aka koya mana duka. Na karɓa na yi godiya. Rabin zaren aikin ya riga ya tafi da ruwan wankin, amma ban ga amfanin gaya mata ba.

Shekarar kullen korona ita ce shekararmu mai wuya. An rufe gidajen tarihi, an kashe fitilu, ba mai shiga ba mai fita, ashe abin da asu ke jira ke nan. Asu na son duhu da shiru. Da aka buɗe, abin da aka riƙa kawo mana ba tufafi ba ne, ragowarsu ce. Muka cika firiza da kayan ulu don sanyi ya kashe ƙwayayen, muna fitarwa muna sa wasu. Wasu an cece su, da yawa ba a cece su ba. Bayan wannan guguwar sai aiki ya ɗauke ɗif. Abokan aikinmu biyu suka tafi, ɗaya ta koma garinsu, ɗaya ya kama tuƙin motar kai kaya. Muka rage ni da Madam, ita kuma ta fara maganar ko lokacin rufewa ya yi. Na faɗi wannan ne don ku san cewa lokacin da rigar ta zo, ba mu da halin ɓata wa kowa rai.

Wani dattijo ne ya hau benen da ita a cikin kwali, yana haki, ya ƙi yarda direbansa ya ɗauka. Kanar Lawal ne, tsohon soja mai ritaya, yana da gida a Landan inda yake zuwa ganin likita duk bazara. Abin sha'awarsa tara tsofaffin kayan soja na ƙasashe. Da ya ji sunana sai ya bar Turanci ya tambaye ni 'yar wane gida ce a Zariya, ya san wani kawuna, daga nan na zama 'yata, shi kuma Baba. Ya ce rigar a gwanjo ya saye ta, ta sojan Sifaniya ce ta zamanin mulkin mallaka, kuma mai sayarwar ya ce daga tsibirin nan da ke gaban Kalaba ta fito, wanda tsofaffinmu ke kira Fanya. Kafaɗar dama ta yage kaɗan. So yake a gyara, a ɗora ta a kan mutum-mutumi, ya sa a gilashi a falonsa.

Da muka buɗe kwalin Madam ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ta kira sunan yadin da harshensu, rayadiyo, wato mai 'yan ratsi-ratsi. Auduga ce, ratsin shuɗi da ratsin fari a jere daga sama zuwa ƙasa, sirara ƙwarai, har idan ka tsura musu ido sai ka ji kanka na juyawa. Ta ce shi sojojinsu ke sawa a ƙasashen zafi, Kyuba da Filifin da yankunan da suka riƙe a Afirka, kuma a yadda ta ji a gida, masaƙun yankinsu sun saƙa da yawa daga ciki. Sannan ta rataye rigar, ta kama hannuna ta ja ni baya sannu a hankali, ta ce kada in ɗauke ido.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan daidai ba. Kusa da ita, ratsi ne, kana iya ƙirga su. Ina ja da baya sai suka fara rawa, suka shiga juna. Kafin bayana ya taɓa bango babu ratsi ko ɗaya. Riga ce mai launi guda, shuɗi-shuɗi mai haske, kamar sararin sama da hantsi. Na matso, ratsin suka dawo. Na koma, suka ɓace. Babu zare ɗaya a jikin rigar nan mai wannan launin da nake gani daga bango, idona ne ke haɗa shi. Na karanta bayanin haka a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma ranar na yi ta kai da kawowa a ɗakin kamar yarinya. Wasu sun ce an zaɓi yadin don yana ɓoye datti, wasu don sanyinsa, wasu don mai sanye da shi na da wuyar hangowa daga nesa. Ban san wanne ne ba, ƙila duka. Ban kuma manta abin da masu wannan riga suka je yi a ƙasashen mutane ba. Yadin dai, a matsayinsa na yadi, abin mamaki ne.

Gyaran kafaɗar bai ba ni wahala ba. Na sa ƙyalle mai laushi ta ciki ya tallafe wurin, na kwantar da zaren da suka tashi ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure su da siliki. Sai da na juya rigar don duba sauran ɗinkin ciki na ga abin. A gefen hagu, daga ƙarƙashin hammata zuwa ƙugu, akwai wani siririn yanki tsakanin ɗinki biyu. A ka'ida, idan tela ya yanko irin wannan daga yadin masaƙa mai faɗi, gefensa biyu za su zama yankakku, zare na zubowa. Wannan gefensa na dama a rufe yake, bakin saƙa ne. Na ce to, ya yanko daga gefen yadi. Na duba na hagu. Shi ma bakin saƙa ne.

Na sake dubawa. Yadi mai baki biyu, tsakaninsu bai wuce faɗin tafin hannuna ba, ba a masaƙar Turai aka yi shi ba. Haka aka saƙa shi, siriri, irin wanda masaƙanmu ke yi a zaune a inuwa, zaren ya miƙe can gaba an danne shi da dutse. Na sa madubi. Zaren ba ɗaya yake ba, nan kauri nan siranta, kaɗin hannu ne. A cikin wani farin zare na ga ɗan baƙin ɗigo, ɓawon angurya da ya maƙale tun ranar da wata mace ta kaɗa shi. Kakata tana da zane irin wannan a ƙasan adakarta, na san shi da hannu kafin in san shi da littafi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ratsin suka dace. Saƙar hannu ratsinta ya fi na masaƙa faɗi, bai kamata su haɗu ba. Da na bi su da madubi sai na ga alamun inda aka zare zare, ɗaya daga kowane ratsi, shuɗi da fari, tun daga sama har ƙasa, aka matse sauran suka rufe gurbin. Haka nake zato, ba zan rantse ba. Wani mutum ya zauna da tsinin allura ya rage faɗin kowane ratsi har ya yi daidai da na Turawa. Bai ɗora faci a kan rami ba, don gefen faci na tona asiri. Ya cire yankin gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki, ya sa nasa a gurbin. Ta waje, sai ka kawo hancinka kusa kafin ka ga saƙar ta bambanta. Madam ta zo ta duba, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce ita da ta taɓa yadin nan tun tana yarinya ta riƙe rigar da hannunta ba ta gani ba.

Da ɗokina na buga wa Kanar waya. A nan, ina jin, halina ya yi mini cikas. Na ce masa akwai wani yanki da ba na asali ba, wataƙila saƙar Afirka ta Yamma ce, mai yiwuwa an yi gyaran tun rigar na aiki, ko da yake ba zan iya tabbatarwa ba sai an yi gwaji, kuma gwajin ma ba lallai ya nuna ba. Ya saurare ni har na gama. Daga duk abin da na faɗa, kalma ɗaya ya ɗauka.

"Faci ke nan," ya ce.

Na ce e, amma ba irin wanda yake zato ba.

"'Yata, ni soja ne. Ba a sa kaki mai faci a gilashi. Mutane za su zo gidana, a ce Lawal ya sayo tsumma. Cire shi, ki sa irin na asali."

Na gaya wa Madam, ina sa ran za ta ce ba za mu yi ba. Ba ta ce ba. Ta ce rigarsa ce. Muna iya ba da shawara, mun bayar. Idan ya dage, za mu warware yankin a hankali, mu sa shi a ambulan mu ba shi, wata rana wani ya share ɗaki ya zubar. Ta ce ta ga haka sau da yawa. Idan kuma muka ƙi, zai kai wa telan da zai yi aikin da reza a yini ɗaya.

Saboda haka na zauna saƙa madadin, tunda irin yadin ba a sayar da shi yanzu yadda zai dace da tsohon. Muna da ƙaramar masaƙa a lungu. Rinin zaren ya fi saƙar wahala. Mu a gida, shuni mai kyau shi ne wanda ya kama har ya yi baƙi yana ƙyalli, kuma hannuna can yake son tafiya. Nan kuwa shuɗin da ya sha rana da wanki nake nema, wanda ya koɗe ya ɗan karkata zuwa toka. Farin ma ba fari ba ne, ya yi launin ƙashi. Na rina na zubar, na rina na zubar. Na saƙa na kwance. Ina da fitila mai hasken rana, da ma'auni, da madubi, da littattafai, amma bazara ta kusa ƙarewa kafin in samu yankin da Madam ta gyaɗa wa kai. Duk tsawon lokacin ina tunanin wancan mutumin, da abin da yake da shi a hannu. Allura, ina jin, da hasken ƙofa.

Ranar da za a cire, Kanar ya ce zai zo ya gani. Tun safe Madam ta fito da almakashi ta ajiye a kan teburina, ba tare da na tambaya ba. Na ɗora rigar a kan mutum-mutumi kusa da taga. Ba zan ce dabara na shirya ba, ban kai nan ba. Hannuna ne ya ƙi, kuma ina neman abin da zai ja lokaci. Bayan mun gaisa na tambayi jikinsa da iyali, na ce, "Baba, kafin in sa almakashi, ina so ka nuna mini wurin da kanka."

"Ke ba ki san inda yake ba?"

"Na sani. Ina tsoron in yanke abin da ba ka gani ba ne."

Ya yi dariya. Ya ce rayuwarsa duka a duba sahu ya ƙare ta, daga bakin fili yake hango maɓallin da ba a goge ba, har yaransa na cewa yana da ido a ƙeya. Ya miƙa wa Madam sandarsa, ya sa hannu biyu a baya, ya tsaya gaban rigar a nisan da hafsa ke tsayawa gaban soja. Sai na ga tsufan ya sauka daga kafaɗunsa.

Kuma yana da idon, ba cika baki ba ne. Nan take ya ce maɓalli na uku a karkace yake, haka ne kuwa. Ya ce ƙugiyar wuya ɗaya ta ɓata. Ya zagaya baya, ya dawo, ya matso, ya nuna kafaɗar dama.

"Ga shi nan. Ai wannan ba ya ɓuya."

Na ce wannan nawa ne.

"To, ke ma kin ci horo," ya ce.

Na yi masa bayanin ƙa'idarmu, cewa namu gyaran da gangan ake barinsa yadda mai dubawa zai same shi. Ya ce wannan ƙa'idar masu zaman lafiya ce. Ya sake zagayawa, wannan karon a hankali. Ya duba aljihu, ya duba gindin riga, ya duba bayan wuya. Ya ce in ɗaga hannun rigar na dama, na ɗaga. Ya ce in ɗaga na hagu. Na ɗaga. Ya tsura wa wurin ido, daidai kansa, ya daɗe. Sannan ya ce in sauke. Ya nuna murfin aljihu, na girgiza kai. Ya nuna hannun riga, na girgiza kai. Daga ƙasa muna jin mai shagon doya na rigima da mai kawo kaya. Kanar ya ja baya har bango, ya dawo.

"Na ba ki gari," ya ce.

Madam ta sa shi ya wanke hannu tukuna, ya je ya wanke ba musu. Na kwantar da rigar na juya cikinta, na nuna masa bakin saƙa na dama, na nuna na hagu. Ban yi bayani ba. Ya ɗora tafin hannunsa a tsakani, ya cika wurin daidai. Na ba shi madubi ya ga ɓawon anguryar. Ya ajiye madubin. Ya ce kakarsa na kaɗi, yana tuna farin alli a yatsunta.

Sannan ya faɗi abin da ni ban yi tunaninsa ba, duk da watannin da na yi da rigar. Ni yadi nake kallo, shi bariki yake kallo. Ya ce nan ne inda ɗamara da bindiga ke goga, nan kaki ke fara mutuwa. Ya ce soja mai yagaggen kaki ranar dubawa ya san abin da ke jiransa, kowace irin soja ce, kuma a wuri mai nisa irin wannan sabon yadi sai jirgi ya zo. Wani ya kai wa tela rigarsa a tsorace. Telan ba shi da yadin, ya duba abin da ke ɗakinsa.

"Ba don ado ya yi ba," ya ce. "Mutum irina ya zauna ya yaudara. Ya kuma sake yau."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi almakashin. Na ba shi. Ya juya shi, ya duba, ya tambayi Madam da Turanci inda yake zama. Ta nuna aljihun teburin. Da kansa ya buɗe ya sa ya rufe. Ya ce sojan da ya wuce dubawa ba a kiransa baya, balle wanda ya wuce sau biyu.

Mun ɗan yi jayayya a kan abin da za a rubuta a ƙasan gilashin. Shi so yake a sa cewa Bahaushe ne ya yi aikin, don ya ji tun yana yaro cewa mutanenmu na zuwa Fanya fatauci. Na ce ba zan iya ba. Nufawa na irin wannan saƙa, Yarabawa na yi, wasu ma can yamma na yi. Yadin na iya tafiya ba tare da mai shi ba. Ba mu san telan ba, ba mu san sojan ba, ko baƙi ne ko fari. Iyakar abin da zan sa hannu a kai shi ne saƙar hannu ce, siririya, wataƙila daga Afirka ta Yamma.

"Ke dai da wataƙila," ya ce. Ya ce in rubuta tawa a takarda, shi kuma zai faɗi tasa da baki, tunda falonsa ne.

Wurin aikinmu bai rufe ba. Ba zan ce rigar ce ta hana ba, abubuwa da yawa sun haɗu, ko da yake Kanar ya turo mana abokansa masu irin ciwonsa na tara tsofaffin kaya. Yanzu Madam ta rage zuwa aiki, ciwon ƙafa ya hana ta hawa benen, almakashin yana aljihun teburina. Kusa da shi akwai yankin da na saƙa, wanda ba a taɓa sawa a jikin komai ba. Shi nake fito wa matasa da shi idan na ji kalmar faci. Ina ba su shi da guntun saƙar gida da allura, in ce su daidaita mini ratsi uku kacal. Bayan ɗan lokaci wasu har sukan tambayi yadda ake shiga aikin.

Abu ɗaya Kanar ya roƙa kafin a kai masa rigar, ya kuma ba mu aiki ba kaɗan ba. Ya ce a gyara mutum-mutumin yadda hannun hagu zai ɗan ɗaga, gefen ya fito fili. Haka take tsaye a falonsa yanzu, kamar mai shirin tsayar da mota. Duk baƙon da ya zo, kafin a kawo shayi sai an kai shi gaban gilashin an ce ya nemo facin. Likitoci sun nema, tsofaffin hafsoshi sun nema, har da wani tela da ya zo auna shi. Duk bazara idan ya iso yakan bugo mini, mu gaisa, in tambayi jiki. Kafin in ajiye sai ya ce, "'Yata, har yanzu naki suke nunawa."